Gurbin da Aka Bari a Daftarin Kawu

'Yar takarda ce aka yago daga littafin aljihu, babu komai a jikinta sai haruffan boko biyu da lambobi shida a jere. Jami'in ya ajiye ta bisa kanta, ya danne da ɗan yatsa, ya ce da Larabci, "Ya Hajj, wannan lambar daga shagonka ta fita?" Kawu ya ɗauko daftarin fita, ya sa tabarau, ya bi shi shafi-shafi har ƙarshe, ya dawo farko ya sake bi. Lambar ba ta ciki. Ya ɗauko daftarin shigowa, ga ta nan da rubutun hannunsa. Aka shiga sito aka duba bindigogin da ke rataye, ba ta cikinsu. Wato bindiga ta shigo, ba a rubuta fitarta ba, kuma ba ta nan. A wurin mai bincike wannan ma'anarsa ɗaya ce: an sayar da ita ta bayan fage. Kafin la'asar an garƙame shagon an manna jan kakin hukuma a kwaɗon, Kawu kuwa a hannun hukuma ya kwana.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Sana'ata riƙe wa dillalan riɗi da dawa lissafi a kasuwar amfanin gona, shi ya sa da abin ya faru ni aka aika wa. Da yardarsa nake wannan rubutu. Ba zan faɗi sunan garin ko na mutanen ba, domin suna nan da ransu kuma ƙasar ba ta zauna ba tukuna. Ya isa a san cewa gari ne a Sudan, gabas da kogin Nil Azraƙ, a ƙasar noman damina da ta miƙe har Gadarif.

Shagon da daftarinsa

Kakanninmu suna cikin waɗanda suka yo gabas bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ake kira da sunansa a bakin kogi kusa da Sinnar, daga nan aka bazu. Kawu a nan aka yanke masa cibi, mahaifinsa ma haka. Amma duk Bahaushen Sudan ya san ranar da ake iya tambayarsa daga ina ya zo. Ba mu manta da 2008 ba, lokacin da mutanenmu suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kassala bayan wata jarida ta jingina wa shugaban ƙasa na lokacin maganar cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne. Mutumin da ake iya yi wa wannan tambaya, in ya riƙe shagon bindiga, kaya biyu ya ɗauka.

Shagon ba da bindiga ya fara ba. Irin shuka ne, da maganin feshi, lauje, igiya, ragar kamun kifi, tocila da batir. Daga baya Kawu ya nemi lasisin sayar da bindigogin farauta, wanda a nan muke ce wa ruksa, ya sha zirga-zirga kafin ya samu. Dokar Sudan ta makamai da harsasai da abubuwan fashewa, ta 1986, ta hana mallakar bindiga ko cinikinta sai da izinin hukuma, Kawu kuwa mutum ne mai kunyar takarda. Abin da yake sayarwa shi ne hartush, mai baki ɗaya da mai baki biyu, yawanci ƙirar Turkiyya, da kwalayen harsashinsu. Masu saye manoma ne da makiyaya. Wanda bai taɓa kwana a gona mai nisan yini guda daga gari ba, da wuya ya gane abin da ke kai manomi neman bindiga. Birai da gadu na ɓarna, ɓarayin dabbobi na yawo, masu gonaki wajen Fashaga kuma suna fama da 'yan shifta, wato 'yan fashi, da ke tsallakowa daga iyakar Habasha da zarar riɗi ya isa yanka. Kalash kuwa, bindigar yaƙi, ba a shago ake sayenta ba, kuma mai sayar da ita ba ya riƙe daftari. Wannan kowa ya sani.

Daftari biyu Kawu yake da su, manya masu baƙin bango, ya saye su a 2017, shekarar da gwamnati ta fara tattara makamai daga hannun jama'a a Darfur da Kurdufan. Na shigowa shi kaɗai ke rubutu a ciki: ranar da kaya suka iso, kamfanin da ya turo daga Hartum, lambar fatura, ƙirar bindiga da lambar da aka buga a jikin ƙarfenta. Na fita kuwa duk wanda ke kan kanta yana rubutawa: kwanan wata, lambar bindiga, sunan mai saye har kakansa na biyu kamar yadda ake yi a Sudan, raƙam waɗani ɗinsa, wato lambarsa ta ɗan ƙasa, lambar takardar izininsa, sai sa hannu ko dangwale. A bangon farko ya rubuta farkon ayar bashi ta Suratul Baƙara, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta ce a rubuta. Ya kan ce in Allah ya ce a rubuta bashin kuɗi, ina ga abin da ke ɗaukar rai.

Lokacin da abin ya zo

A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Nil Azraƙ, wadda gidajen rediyo ke kira Blue Nile, tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, a kan ƙasa da kuma neman da Hausawa suka yi a ba su sarautar gargajiya tasu. An kashe fiye da mutum 100, dubbai suka bar gidajensu a Rusairis da kewaye. Mutanenmu suka fito a Kassala da Gadarif da Bur Sudan da Hartum. A Oktoba wutar ta sake tashi a Wad al-Mahi, aka rasa fiye da 200.

Tsakanin waɗannan tarzoma biyu ne aka tsayar da wata lori a shingen bincike, ta nufi kudu, aka sauke buhunan albasa aka tarar da bindigogi a ƙasa. Yawancinsu an goge lambobinsu. Guda ɗaya hartush ce sabuwa, lambarta na nan raɗau. Bin sawun bindiga kamar bin sarƙa ne: daga lamba a gano kamfanin da ya shigo da ita ƙasa, kamfani ya duba faturarsa ya faɗi shagon da ya tura wa, shago ya duba daftarinsa ya faɗi wanda ya saya. Zobe biyu na farko sun riƙe. A namu ne sarƙar ta katse. Kafin Kawu ya kwana ɗaya a tsare, magana ta zaga kasuwa cewa an gano inda Hausawa ke samo makamai. Masu faɗi ba su ce bindiga ɗaya ba. Wasu sun ce lori guda, wasu sun ce shekara biyu ana yi.

Abin da daftarin ya faɗa

Umdan unguwarmu, wato mai unguwa, ya roƙa aka bar ni in zauna da daftarin biyu a gaban jami'i. Ban nemi lambar da ta ɓata ba, tunda mutum uku sun nema ba su gani ba. Abin da na yi shi ne abin da nake yi in buhun riɗi ya ɓata a sito: na ɗauki kowace bindiga da ta shigo, na nemo inda ta fita ko inda take rataye, na ja layi. Yini guda da rabi ina yi. Da na gama, saura layi biyu ba su sami abokan zama ba. Ɗaya a daftarin shigowa, ita ce wadda ake nema. Ɗaya a daftarin fita: bindigar da aka sayar alhali ba ta taɓa shigowa ba. Haruffan farkonsu iri ɗaya. Na jera lambobin biyu na zuba musu ido, sai gabana ya faɗi.

Ga abin da ya faru. Lambar da ke jikin ƙarfe da lambobin boko aka buga ta. Kawu in ya kwafe ta, haruffan yakan rubuta su da boko yadda suke, lambobin kuwa hannunsa ya saba da na Larabci. Haka yake rubutawa a daftari, haka kuma a 'yar takardar da yake ɗaura wa kowace bindiga da zare. To biyar ɗin Larabci zagaye ce, sak sifilin boko. Shidan Larabci kuma ta yi kama da bakwai ɗin boko. Ɗaya da tara kusan iri ɗaya ne a rubutun biyu. Ƙaddara ta sa lambar wannan bindiga babu komai cikinta sai ɗaya da tara da biyar da shida. Yaron shago, wanda ya yi karatun firamarensa a wurin dangin uwarsa a Damagaram, ya ga haruffan boko a farko, ya ɗauka duk layin boko ne, ya kwafe surar da idonsa ya gani. Duk inda biyar take ya sa sifili, duk inda shida take ya sa bakwai. Bai juya bindigar ya dubi ƙarfen ba.

Jami'in da ke zaune da ni ya karɓi alƙalami ya gwada da hannunsa, ya gyaɗa kai. Na yi zaton an gama. Sai ya kai yatsa kan layin ya bi shi zuwa hagu, ya tsaya a wani wuri fari fat. Suna na nan, raƙam waɗani na nan, dangwale na nan. Gurbin lambar takardar izini babu komai.

Kuskuren lamba kuskuren ido ne, kowa na iya yi. Wannan gurbin kuwa ba ido ba ne. Bindiga ta fita daga shago ba tare da an ga izinin mai sayenta ba, kuma babu yadda za a kewaye wannan.

Kyamarar da ke kallon aljihun tebur

Sunan da ke kan layin na wani dattijo ne, manomi, daga ƙauyen da ke da tafiyar awa biyu, mutumin da Kawu ya sani shekara talatin. Da aka je masa ya ce ya saya don gadin gona, an sace ta a bukka. In maganarsa ta tsaya, laifin shago ya tsaya a kan gurbin nan kaɗai, amma zargin haɗa baki bai gushe ba, domin masu bincike na ganin Kawu ne ya ari sunan abokinsa ya rufe ciniki. Sai aka koma kan kyamara.

Kyamara huɗu ke shagon, an sa su shekara uku kafin nan. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya na gane cewa ba don mai saye aka sa su ba. Ta farko tana can ciki tana fuskantar ƙofa, rana na bayan duk mai shigowa, ba a ganin komai sai baƙar inuwa cikin jallabiya. Ta biyu tana sito. Ta uku ƙurar habub ta toshe mata ido, ta mutu tun bara ba wanda ya lura. Ta huɗu, wadda ta fi duka kyau, an kafe ta a silin daidai saman aljihun tebur, tana kallon ƙasa. Kawu ya sa ta ne lokacin da kuɗi suka riƙa ɓata. Yaransa yake tsaro, ba bindigoginsa ba. Ina jin shaguna da yawa haka suke, a nan da ko'ina: mai shago na tsoron a cuce shi fam dubu, bai kawo a ransa cewa ranar da za a tambaye shi fuskar wani tana zuwa ba.

Na'urar da ke adana hotunan kuma faifanta ƙarami ne. In ya cika, sabon hoto yana hawa kan tsoho ya shafe shi, abin da bai wuce mako biyu ba ke zama. Cinikin ya yi wata biyu. Babu shi.

Abin da ya cece mu ba dabarar kowa ba ce. A ranar cinikin Kawu na Hartum yana sarin kaya, da dare yaro ya gaya masa a waya cewa kuɗin yini bai cika ba. Kawu ya ce ya mayar da na'urar baya, ya ɗauki allon da wayarsa, ya turo masa ta WhatsApp. Minti shida ne, hoton yana rawa, yana nan a wayar Kawu bai goge ba. Agogon da ke kusurwar hoton yana nuna shekarar 2000, domin ɗan batirin da ke riƙe wa na'urar lokaci ya daɗe da mutuwa, duk sanda aka ɗauke wuta, abin da ke faruwa kullum, sai ta koma farko. Jami'in ya ce hoton da ke nuna shekarar da ba a ma buɗe shagon ba, ba hujja ba ne. Kwanan watan da aka tura saƙon shi ya tsayar da ranar, ya kuma dace da wanda ke daftari.

Babu fuska ko ɗaya a hoton. Hannuwa ne kawai bisa kanta. Hannun yaro yana rubutu. Wani hannu mai tamoji, hannun wanda ya tsufa a kan fartanya, ya tsoma babban yatsa a tawada ya dangwala. Sannan wani hannu dabam, mai ƙiba, da agogon ƙarfe da farar riga mai maɓalli, ya shigo ta gefe ya ƙirga kuɗi ya tura. Da aka ɗora kwalin bindigar bisa kanta, mai agogon ne ya ja shi. Hannun dattijon bai taɓa kuɗin ba, bai taɓa kwalin ba.

Da aka nuna wa dattijon, ya yi shiru har sai da na ji kunyar kallonsa. Ya juya wajen Kawu ya ce, "Alhaji, ka yafe mini. Bashin shel ne ya ɗaure ni." Shel shi ne manomi ya karɓi kuɗi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, a kan zai biya da amfanin gona a farashin da mai kuɗi ya yanka. Mai agogon ne ke binsa. Ya ce masa ya ara masa sunansa na rabin awa, a yafe buhu biyu.

Mai agogon Bahaushe ne, ba zan ɓoye ba. Yana da 'yan'uwa a kudu, an ƙone musu gida a watan Yuli, ya ce ba zai zauna a sake yanka su kamar kaji ba. Na fahimci tsoronsa, nima ina da dangi a can. Amma abin da ya yi shi ne ya ɗauki sunan talaka da lasisin dattijo da mutuncin unguwa guda ya zuba a ƙarƙashin albasa, shi kuma ya tsaya gefe ba sunansa a ko'ina. Shari'arsa daban ce, ba ta cikin wannan nazari.

Laifin wa?

An saki Kawu bayan kwana biyu da lamunin umda da wasu 'yan kasuwa biyu. An ci shi tara, shagon ya yi wata huɗu a rufe, ya rasa cinikin kaka gaba ɗaya, har na irin shuka da igiya. 'Yan'uwa suka ce a kori yaron. Aka kira shi a zaure, yana rawar jiki, ya ce, "Baba Alhaji, ya ce takardar na ofis zai kawo ranar kasuwa. Kuma kai ka ce mini in dattijon nan ya zo kada a wahalar da shi." Kawu bai ce uffan ba. Da dare ya ce da ni, "Ɗana, gaskiya ya faɗa. Ni na koya masa."

Nan nake ganin ainihin lamarin yake. Da na koma kan daftarin na tarar da wurare biyar inda aka cika gurbin izini da wata tawada dabam, alamar an rubuta daga baya. Huɗu daga ciki rubutun Kawu ne da kansa. Duk sun kawo takardunsu kamar yadda suka yi alkawari, shi ya sa abin bai taɓa fashewa ba. Cinikinmu na Hausawa a kan sanayya aka gina shi, kuma abu ne mai kyau. Da shi kakanninmu suka rayu a ƙasar da suka zo ba su da komai. Amma mai neman ya fitar da bindiga ba da sunansa ba, ba baƙo zai turo ba. Wanda ake jin nauyinsa zai turo.

A gefe guda kuma, daftarin nan mai gurbi shi ne ya rufe bakin masu cewa lori guda. Kowace bindiga da ta shigo cikin shekara biyar an nuna inda take, da suna da ƙauye. Ɗaya ce ta kauce. Ba don shi ba, da babu abin da Kawu zai riƙe sai rantsuwa, kuma a wancan watan rantsuwar Bahaushe ba ta da kasuwa.

Da aka buɗe shagon an sauya abubuwa. Aka daina ɗaura 'yar takarda. Lamba daga jikin ƙarfe ake kwafe ta, da lambobin boko kaɗai, mutum ɗaya na karantawa da ƙarfi ɗaya na rubutawa, sannan a ɗora farar takarda a kan ƙarfen a goga fensir a manna a gefen layin. Babu izini a hannu, babu bindiga, ko limamin gari ne. Mai suna a takarda shi zai biya, in ta Bankak ne, manhajar tura kuɗi ta waya, to daga asusun da ke da sunansa, shi kuma zai ɗauki kwalin. Harsashi ma aka buɗe masa nasa daftarin. Kyamarar silin aka sauko da ita daidai tsayin fuska a bayan kanta, rana na haska fuskar mai saye ba bayansa ba, aka haɗa na'urar da faifan sola da batir, kowane cinikin bindiga kuma a kwafe hotonsa a ajiye dabam kafin faifai ya shafe shi. Mutane sun yi ƙorafi. An ce Alhaji ya zama ɗan sanda. Wasu tsofaffin abokan ciniki sun daina zuwa, kuma na san inda suka koma.

Akwai abin da har yau yake ci mini rai. Hoton nan na minti shida ya fita daga wayar Kawu. Wani daga cikinmu ya tura wa wani don ya wanke sunan gidan, kafin kwana uku yana kowace waya a kasuwa, kuma kowa ya gane hannun dattijon. Bai sake zuwa sallar Juma'a a garin ba. Ƙanena da ke aiki a wani kanti a Jidda ya ce mini a Saudiyya, a dokar kyamarorin tsaro da aka fitar a 2022, wanda ya yaɗa irin wannan hoto ba da izini ba tarar riyal 20,000 ce a kansa, kuma dole mai wuri ya kafa allo ya sanar da mutane ana ɗaukarsu. Ashe doka mai kyau ba cewa kawai take a ɗauka ba, tana faɗin wanda aka yarda ya gani. Batun tsawon ajiya ma wasu sun yi nisa. Jihar Kalifoniya ta Amurka, tun 1 ga Janairun 2024, ta wajabta wa shagunan bindiga ɗaukar hoto da sauti su ajiye shekara guda. Tsarin bin sawun ƙananan makamai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a 2005 ya ce bayanan cinikin makamai su zauna aƙalla shekara 20. Mu mako biyu muke da shi, ba mu ma sani ba.

Da yaƙi ya zo

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF. Kaya suka daina zuwa daga Hartum, kamfanin da ke turo wa Kawu wayarsa ta daina shiga. Zoben sarƙar na sama ya tsinke. Bayan birnin Wad Madani ya faɗa hannun RSF a Disamban 2023, bindiga ta zama kamar sanda, matasa na yawo da Kalash a kasuwa, mutane na cika ƙofar shagon suna roƙo. Kawu ya tattara 'yan bindigogin da suka rage ya miƙa wa hukuma, ya karɓi rasit, ya manna shi a shafin ƙarshe. A Yulin 2024 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto cewa bindigogin farauta ƙirar Turkiyya da Rasha, waɗanda aka shigo da su don kasuwar farar hula, ana ganinsu a hannun mayaƙa. Na karanta masa. Ya tambaye ni ko an buga lambobinsu, yana so ya duba ko akwai tasa.

A ƙarshen Yunin 2024 Sinja, babban birnin jihar Sinnar, ta faɗa hannun RSF, hanyoyi suka cika da masu gudu. A daren da muke ɗaure kaya, matar Kawu ta ɗauko daftarin fita ta ajiye kusa da murhu. Ta ce, "Alhaji, wannan ba daftari ba ne yanzu. Jerin gidajen da ke da bindiga ne, da sunan uba da kaka da ƙauye. In ya faɗa hannun waɗanda ke tafe, ƙofa-ƙofa za su bi." Gaskiyarta. Abin da ya wanke mu shekara biyu da suka wuce shi ne zai iya sa a kashe mutanen da suka amince da mu. Kawu ya ce in an ƙone shi, duk mutumin da ke ciki ya zama mai bindigar da ba ta da asali, kuma ranar da ƙura ta lafa aka zo tattara makamai, Hausawa za a fara tambaya. Shi ma gaskiyarsa.

Abin da muka yi shi ne na ɗauki jan alƙalami na ba kowane layi lamba a gefen dama da gefen hagu. Sannan muka sa reza muka raba daftarin a tsaye, daga bango zuwa bango. Rabi ɗaya sunaye da ƙauyuka, ba a san me suka saya ba, tamkar jerin masu bashin iri. Ɗaya rabin lambobin bindiga, ba a san na wa ba ne. Faifan na'urar da duk hotunan da aka kwafe, yaron shago ya sa guduma ya farfasa su a tsakar gida, fuskokin da muka sha wahala kafin kyamara ta iya ɗauka. Rabin sunayen 'yar Kawu ta naɗe a cikin zanin goyo ta wuce da shi Kassala. Rabin lambobin yana wurina a Gadarif.

Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamban 2024. Kawu ya koma bayan wasu watanni, ya tarar da shagon babu ƙofa, babu kanta, wayoyin kyamara na reto a silin. Irin shuka da igiya yake sayarwa yanzu, bai sake neman ruksa ba. Kwanakin baya wani manomi ya zo masa, takardunsa sun ƙone da gidansa, an tsare masa bindiga a shinge ana cewa ya kawo shaidar inda ya samo ta. Kawu ya kira ni, ya karanto lambar da mutumin ya rubuto a tafin hannunsa. Na buɗe rabina na bi da yatsa har na same ta, ga gogen fensir a gefe. Na ce, "Kawu, layi na 88." Ya ce in riƙe, ya haɗa da Kassala. Muka ji tana buɗe shafuka, jariri na kuka a bayanta. Ta karanto sunan, da na uba, da na kaka, da na kakan uba. Na ji muryar manomin daga nesa yana cewa, "Ni ne, Alhaji. Ni ne."